Ranar da antibairos ya cinye min John the Ripper

Akwai wani tsohon fayil na zip da na ajiye shekaru da yawa, ciki akwai hotuna da rubuce rubucen da na yi lokacin ina karatu da wasu muryoyi da na ɗauka na mutanen da yanzu wasunsu ba sa duniya. Lokacin da na haɗa shi na sa masa faswod saboda kwamfutar ba ni kaɗai ke amfani da ita ba. Kwanaki ina kwashe kaya daga tsohon faifan ajiya zuwa sabo sai na ci karo da shi, na danna, ya nemi faswod, na rubuta wanda nake zato yace a'a, na sake wani yace a'a, na kai kusan awa biyu ina gwada duk abun da ya zo min a kai. Wallahi abun ya dame ni sosai, don kayana ne, ni na kulle da hannuna, ga shi ina kallonsa amma ba hanyar shiga.

Toh daga nan ne na nemi John the Ripper. Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce tsohuwa ta fasa faswod, tun 1996 take, wani ɗan Rasha Alexander Peslyak da aka fi sani da Solar Designer shi ya fara ta, kuma har yau ana samun ta kyauta a shafin Openwall, rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake kowa zai iya karantawa. Na sauke wadda aka haɗa don Windows, na warware ta cikin folda, kafin in ma buɗe komai sai ga jan gargaɗi ya fito a gefen sikirin wai an gano barazana an killace ta. Na leƙa foldar, wasu fayilolin sun ɓace. Na sake saukewa, haka. Karo na uku ma ko gargaɗin bai tsaya ba, kawai na ga babu su.

Farko tsoro ne ya kama ni, nace ko dai shafin bogi na shiga. Da na tabbatar shafin gaskiya ne sai tsoron ya koma haushi. Kwamfutata ce, fayil ɗina ne, faswod ɗina ne da na manta, don me wata manhaja za ta yanke min hukunci ba tare da ta tambaye ni ba? Da wannan haushin na kira wani abokina da ke aikin tsaron kwamfutoci a wani kamfani, ina ta faɗa, ya bari sai da na gama sannan yace, "Malam, koma ka karanta sunan da ya ba abun, ba kalar gargaɗin ba." Na koma na duba. Ashe ba bairos ya rubuta ba, HackTool ya rubuta.

Wannan ƴar kalmar ce ta sa na zauna na bi maganar a hankali, kuma shi yasa nake wannan rubutun, saboda na lura yawancinmu jan launi kawai muke gani mu firgita ko mu fusata, ba ma karanta abun da aka rubuta.

Kamfanonin antibairos suna da rabe rabe na sunaye. Microsoft suna sa HackTool a gaban sunan irin waɗannan kayan, sannan akwai PUA na manhajojin da ƙila ba ka so su zauna a kwamfutarka. Kaspersky ma sun fi fitowa fili, sunan da suke bayarwa yana farawa da not-a-virus, wato da bakinsu suna gaya maka wannan ba bairos bane, sai su biyo da PSWTool, kayan aikin faswod kenan. Kuma a wurinsu akwai wani suna daban, Trojan-PSW, wanda shi ɓarawon faswod ne na gaske da ke kwashe bayananka ya tura wa wani a ɓoye. Ka ga sunayen sun yi kama amma tazarar da ke tsakaninsu babba ce, ɗaya kayan aiki ne da ba ya motsi sai ka motsa shi, ɗayan kuma shi ke aiki a kanka ba ka sani ba. ESET su kuma suna da rukunin manhajojin da suke cewa za su iya zama marasa aminci, kuma kai za ka zaɓa ko a riƙa kama su ko a bar su.

Kenan ba kuskure antibairos ɗin ya yi ba irin wanda akan samu idan ya ga manhaja mai tsafta ya ɗauka bairos ce. Ya san John the Ripper sarai, da gangan ya kama ta. Tambayar ita ce me yasa.

Amsar tana cikin abun da ɓarayin intanet suke yi idan sun samu shiga kwamfutar mutum ko ta kamfani. Ba kasafai suke wahalar rubuta sabbin kayan aiki ba, waɗanda ke nan a kyauta suke ɗaukowa su yi amfani da su. Misalin da yafi kowanne shi ne Mimikatz. Wani Bafaranshe Benjamin Delpy ne ya rubuta ta, ya sake ta ga jama'a a 2011, kuma manufarsa ita ce ya nuna cewa Windows na barin faswod ɗin mutane a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yanda za a iya zaro shi ɓaro ɓaro, ta wani sashe da ake kira WDigest. Gaskiya ya faɗa, kuma daga Windows 8.1 Microsoft suka kashe wannan ɗabi'ar a saitin da Windows ke zuwa da shi. Amma kafin nan da bayan nan masu kutse sun rungumi manhajar hannu bibbiyu. A watan Yunin 2017 da bairos ɗin NotPetya ya ɓarke, ya faro daga Yukren ta hanyar sabunta wata manhajar lissafin haraji, ɗaya daga cikin hanyoyin da ya bi ya bazu shi ne dabarar Mimikatz, ya zari faswod a wannan kwamfutar ya shiga ta gaba da shi, ya zari na can ya ƙara gaba. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk sai da harkokinsa suka tsaya cak, kuma gwamnatin Amurka ta ƙiyasta asarar duniya baki ɗaya da sama da dala biliyan 10. Yanzu ka sa kanka a matsayin mai kula da kwamfutoci ɗari biyar na wani asibiti, ka wayi gari ka ga Mimikatz a kwamfutar mai karɓar baƙi, wadda aikinta rubuta sunayen marasa lafiya ne kawai. Ba ka buƙatar wani ya gaya maka akwai matsala. A irin wannan wurin ganin kayan fasa faswod tamkar ganin sawun ɓarawo ne a tsakar gida, kuma idan antibairos ya gani ya yi shiru toh bai yi aikinsa ba.

Haka abun yake da ƙananan manhajojin NirSoft, na Nir Sofer. Duk wanda ya taɓa gyaran kwamfuta ya san su, WirelessKeyView mai nuno maka faswod ɗin wayfai da kwamfutar ta ajiye, WebBrowserPassView mai fito da waɗanda ke cikin burauza, Mail PassView na imel. Suna ceton mutane sosai, musamman idan za a sake wa kwamfuta Windows kuma mai ita bai tuna komai ba. Mutumin nan tun 2009 yake rubutu yana kokawa kan yanda kamfanonin antibairos ke shafa wa kayansa kashin kaji, mutane na turo masa saƙo suna zarginsa da yaɗa bairos alhali ba komai a ciki. Ina tausaya masa ƙwarai, mutum ɗaya yana aiki yana rabawa kyauta. Sai dai kuma a 2018 hukumar tsaron intanet ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan Emotet, kuma a ciki ta lissafa cewa wannan mugun bairos ɗin yana ɗauke da WebBrowserPassView da Mail PassView yana kwashe faswod ɗin mutane da su. Manhaja ɗaya, fayil ɗaya, ko harafi ba a canza ba. A hannun mai gyara taimako ce, a cikin Emotet sata ce, shi kuma antibairos fayil yake gani, baya ganin niyyar wanda ya kawo shi.

Nan ne haushina ya fara sauka gaskiya. Na gane abun da nake nema a wurinsa, wato ya san cewa ni ne mai zip ɗin, abu ne da ba shi da hanyar sani.

Amma fa ban wanke su duka ba, akwai inda har yanzu nake ganin ba a kyauta wa mutane. Na farko yanda gargaɗin ke fitowa. Jan launi iri ɗaya, kalmar barazana iri ɗaya, ƙarar sanarwa iri ɗaya, ko bairos mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa ne ko kuwa ɗan kayan aikin da kai ka sauke da hannunka minti ɗaya da ya wuce, duk an yi musu kuɗin goro. Bayanin da zai bambanta su yana can ƙasa cikin wani dogon suna mai ɗigo ɗigo da sai wanda ya san harkar zai fahimta. Me zai hana a rubuta a sarari cewa wannan ba bairos bane, kayan fasa faswod ne, idan kai ka sauke shi danna nan, idan ba ka san da shi ba toh akwai yiwuwar wani ya shigo maka kwamfuta? Wannan jimlar kaɗai ta fi jan gargaɗi goma amfani, don wanda bai sauke ba ma zai san cewa goge fayil ɗin bai isa ba, sai ya bincika ta ina aka shigo. Na biyu kuma gogewa a ɓoye ba tare da tambaya ba, wannan sam bana goyon baya a kwamfutar mutum ta kansa. A kamfani na yarda, can akwai doka kuma akwai mai kula.

Kuma kar a ɗauka fasa faswod sana'ar ɓarayi ce kawai. Masu binciken tsaro da kamfanoni ke ɗauka su gwada musu ƙarfin gidansu da waɗannan kayan suke aiki kullum, haka masu binciken laifuka idan kotu ta basu izinin buɗe na'ura, haka mai kula da kwamfutocin ofis da yake son sanin ko ma'aikata na sa 123456. L0phtCrack da ta fito a 1997 har a hannun Symantec ta taɓa zama, bayan sun sayi kamfanin @stake a 2004, wato kamfanin antibairos da kansa ya taɓa mallakar manhajar fasa faswod, kafin ta koma hannun waɗanda suka rubuta ta a 2009. Hashcat ta Jens Steube, wadda ke amfani da katin hoto na kwamfuta don ta yi gwaji da sauri, an buɗe rubutunta ga kowa a ƙarshen 2015, kuma yawancin abun da aka sani yau game da irin faswod ɗin da ke karyewa da sauri daga irin waɗannan gwaje gwajen aka same shi. Lokacin da aka yi kutse a shafin intanet na RockYou a 2009 aka fitar da faswod na asusu miliyan 32 da aka ajiye ba tare da an ɓoye su ba, jerin da ya fito daga ciki mai kusan miliyan 14 shi ne har yau ɗalibai da ƙwararru ke gwaji da shi, yana ma zuwa a cikin Kali Linux, tsarin kwamfuta irin Windows da aka haɗa don masu binciken tsaro. Ita kanta Kali idan ka ajiye fayil ɗinta a Windows aka yi sikanin, gargaɗi za ka gani rututu.

Abun da yafi tsaya min a rai a duk wannan maganar shi ne ɗabi'ar da wannan rikicin ya koya mana. Saboda an saba antibairos na ihu a kan kayan da ba su da laifi, sai maganar "kashe antibairos ɗinka kafin ka sauke" ta zama ruwan dare, kowa na faɗa, kowa na bi. Su kuma mugaye sun gane haka. Ka shiga YouTube ko Telegram ka nemi yanda ake buɗe asusun Facebook ko fasa faswod ɗin wani fayil, za ka ga bidiyo da mahaɗin saukewa a ƙasa, a cikin zip mai faswod don kada a iya leƙa cikinsa, da bayanin cewa idan antibairos ya yi magana ƙarya yake ka kashe shi. Mutum ya kashe da hannunsa, ya buɗe, shikenan abun ya kwashe duk faswod ɗin da ke burauzarsa da bayanan shiga asusunsa ya tura. Ya je neman na wani an tafi da nasa. Kuma ba ƙananan mutane kaɗai abun ke ci ba, a 2022 kamfanin Dragos ya bada rahoton wata manhaja da ake tallatawa ga injiniyoyin masana'antu da suka manta faswod ɗin na'urorin sarrafa injina, kuma da gaske tana fito musu da faswod ɗin, amma a lokaci guda tana dasa bairos ɗin Sality a kwamfutar. Kura da fatar akuya kenan, kuma wanda ya saba jin cewa ai duk kayan faswod haka antibairos ke musu ba zai tsaya tunani ba.

Shi yasa ban kashe nawa ba ko na minti ɗaya, duk da haushin da nake ji.

Ga yanda na yi. Na koma shafin Openwall na tabbatar adireshin daidai ne harafi da harafi, ba wani shafin da ke tara manhajoji yana rabawa ba. Suna ajiye sa hannun lantarki a gefen fayilolin saukewa, abokina ya nuna min yanda zan gwada shi da wanda na sauke don in tabbatar ba a taɓa shi a hanya ba. Sannan na ɗora shi a VirusTotal, shafin da Google suka saya a 2012 wanda ke gwada fayil da injinan antibairos kusan 70 a lokaci ɗaya. A nan ma adadin ja ba shi bane abun dubawa, sunayen ne. Idan ka ga ana ta maimaita HackTool, PSWTool, Riskware, da sunan manhajar kanta, toh sun gane ta ne a matsayin abun da take. Idan kuwa ka fara ganin Stealer, Backdoor, Trojan-PSW ko sunan wani sanannen bairos, tsaya nan kar ka ƙara taku ɗaya. Akwai kuma sunaye masu ƙarewa da !ml waɗanda na'ura ce ta yi hasashe daga kamannin fayil ɗin, su suna iya zama daidai suna iya zama kuskure. Abu ɗaya da zan ja kunne, fayil ɗin manhajar ake ɗorawa a can, kar ka ɗora naka na sirri, don abun da aka ɗora masu bincike na iya samunsa.

Bayan nan na buɗe folda ɗaya tak na gaya wa antibairos ya ɗauke ido daga ita kaɗai, ba duka faifan ba, ba foldar da duk abun da na sauke ke faɗawa ba. Wanda ke da hali ma gara ya yi aikin cikin kwamfutar gwaji irin ta VirtualBox ko Windows Sandbox, idan ya gama ya rufe komai ya tafi.

Aikin kansa bai da wani sihiri, kuma na so mutane su san haka don finafinai sun sa ana ganin kamar danna maɓalli ɗaya ne. Akwai ɗan kayan aiki a ciki mai suna zip2john, shi ke zaro wani dogon layin haruffa daga zip ɗin wanda da shi ake gane ko faswod ya dace, sai John ta yi ta cankar kalmomi tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Canka ce kawai, da sauri. Ni na tuna cewa a wancan lokacin ina fara faswod da wata kalma guda sannan in ƙare da lambobi huɗu, abun da na manta shi ne lambobin da kuma ko harafin farko babba ne. Lambobi huɗu hanyoyi 10,000 ne kacal, ka ninka biyu saboda harafin, 20,000. Na rubuta mata wannan tsarin na danna, kafin in gyara zama ta fito da shi. Na buɗe zip ɗin na kunna murya ta farko, na daɗe zaune ban iya yin komai ba.

Da na dawo hayyacina na goge foldar, na cire izinin da na ba ta a antibairos, don idan na bar shi toh na bar ƙofa a buɗe ga duk abun da zai faɗa wurin nan gaba. Kuma a daren na canza faswod ɗin asusuna guda uku da har yanzu suke kan wancan tsarin na kalma da lambobi huɗu, don na ga da idona yanda yake karyewa.

Magana ɗaya da ba zan tsallake ba, duk wannan a kan kayanka ne ko kayan da mai su ya baka izini a sarari. Asusun matarka ko na abokinka ko wayfai ɗin maƙwabci ba naka bane, kuma ƙasashe da yawa suna da doka a kai, Ingila na da ita tun 1990, Jamus ma a 2007 ta ƙara sashe na 202c a dokar laifukanta wanda ya shafi haɗawa ko rarraba irin waɗannan kayan da niyyar aikata laifi, har masu binciken tsaro na can suka yi ta ƙorafi a lokacin cewa zai iya shafar aikinsu na halal.

Akwai fayil na biyu a faifan, shi na 7-Zip ne, wata manhajar matse fayiloli irin zip, na haɗa shi daga baya lokacin da na fara sa dogayen faswod masu jimla guda. Shi 7-Zip yana juya faswod sama da sau 500,000 kafin ya fitar da makullin, don haka kowace canka ɗaya tana cin lokaci, kuma ban tuna ko kalma ɗaya daga cikin jimlar ba. Na sake buɗe foldar gwaji na bar laftof ɗin yana aiki kwana tara, fanka na ta kuka, bai samo komai ba, jiya na tsayar da shi. Na kwafe fayil ɗin wuri biyu na ajiye, na kuma buɗe wani ɗan littafi ina rubuta duk kalmar da ta faɗo min a rai daga wancan lokacin, zuwa yanzu na tara goma sha ɗaya.